Uku da Ɗan Guntu

Shekara goma sha huɗu Valdirene ta yi tana auna ƙwaƙwalwar kwamfuta a ɗakin bincikenmu na birnin Belo Horizonte a Brazil. A cikin kowace ƙwaƙwalwa akwai ƙananan sassa da ke ƙirga abin da take yi: umarni nawa ta zartar, sau nawa ta laluba aljihunta, wato 'yar ma'ajiyar da ke jikinta, ba ta sami abin da take nema ba har sai da ta je rumbu. Manhajar da ke karanto wannan ƙidaya, wadda muke kira Ma'auni, tsohuwa ce mai wuyar sha'ani. Sai an ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya tsallake mataki guda sai ya koma farko. Don haka duk ɗalibin da ke da gwaji teburin Valdirene yake nufa, ya ajiye takardarsa, bayan kwana biyu ya dawo ya karɓi lambobinsa.

A watan Satumba 'yarta Lidiane ta kira daga birnin Belém, can nesa, ta shaida mata tana ɗauke da cikin fari, ana sa ran haihuwa a Fabrairu. Mijin matuƙin jirgin ruwa ne, yakan yi mako uku bai kwana gida ba. Valdirene ta nemi hutun wata uku. Farfesa Eunice, shugabar ɗakin, ta rungume ta ta taya ta murna, sannan ta nuna mata jadawalin da ke bango. Ɗalibai bakwai ne za su kare bincikensu a watan Maris, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya iya Ma'auni. Ta ce ranar da yaran suka iya awo ba tare da ita ba, ranar za ta sa hannu a takardar hutun.

Valdirene ba ta yi ƙorafi ba. Ta ga cewa koya wa mutum bakwai Ma'auni ya fi wuya a kan koya wa Ma'auni karatu. Sai ta zauna ta rubuta mata faci, wato ƙarin da zai sa ta karɓi rubutaccen umarni: ɗalibi ya rubuta abin da yake so a auna sau ɗaya tak, manhajar ta bi da kanta har ƙarshe. Yaren da ta zaɓa domin rubuta umarnin shi ne Lua, ɗan ƙasarmu, wanda ma'anar sunansa watan da ke sama, kuma yaran duk sun san shi tun ajin farko. Wata uku ta yi a kan aikin.

Sai dai babbar na'urar da ɗaliban ke awo a kanta ba tamu ba ce. Masu kula da ita ba sa ɗora komai sai bugun da mai manhaja ya fitar da hannunsa, sau ɗaya a shekara, cikin Janairu. Mai Ma'auni kuwa wani dattijo ne a Sendai ta Japan, sunansa Kuroda, wanda ya shekara ashirin yana riƙe da ita. Ya sanar cewa ranar Juma'a ta biyu a watan Disamba zai rufe ƙofa, abin da bai shiga ba sai baɗi. Tsakaninmu da shi awa goma sha biyu ne, yammarmu asubarsa, saboda haka kowace wasiƙa da amsarta kwana guda suke ci. Ranar Litinin ta makon Valdirene ta aika facinta.

Seu Tadeu, mai kula da ɗakin injuna, yana tsaye a kanta lokacin da ta danna aikawa. Tsohon maƙwabcinta ne, shi ya tsaya wa Lidiane a matsayin uba ranar baftismarta, tun daga nan suke kiran juna compadre da comadre, kamar yadda uban baftisma da uwar yaro ke yi a wurinmu. Shi ne kuma ya koya mata Ma'auni da ta fara aiki, kafin idanunsa su gaji da ƙananan lambobi. Bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba cewa awon da ba a yi da hannu ba rabin awo ne.

Ya ce, "To comadre, an gama koya wa tsohuwa yaren wata ke nan? Dama na lura kwanan nan kanki can sama yake."

"Kai compadre, da za a bar maka duniya, da tsakuwa za mu riƙa ƙirga."

"Tsakuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Da safiyar Talata amsa ta iso. Kuroda ya yi layi uku yana godiya da yaba tsarin aikin, sannan a ƙasa ya rubuta cewa a ɗan gwajin da ya yi, yana sa ran ganin 3,200, amma facin ya ba shi 3.2.

Kowane yaro a ƙasar nan ya san cewa waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, ɗigo kuma shi ke raba dubbai. Wanda ya rubuta 3,200 a nan jiharmu ta Minas uku da ɗan guntu yake nufi; dubu uku da ɗari biyu kuwa 3.200 muke rubuta shi. Valdirene ta san wasu ƙasashe suna juya abin, ta sha gani a littattafai. Amma kalmomin wasiƙar ta bi su a tsanake da Turancin da ta koya da girmanta, lambar kuwa idonta ya ɗauke ta yadda aka koya masa tun tana 'yar shekara bakwai. Ga shi kuma Ma'auni takan ba da lambobi masu guntu, kamar yawan umarnin da ake zartarwa a kowane bugu na ƙwaƙwalwa, inda uku da ɗan abu ba baƙon gani ba ne. Ta dubi lambobin biyu ta ga abu ɗaya ne, sai dai ɗaya tana da sifili biyu a wutsiya.

Ta gaya wa Tadeu cewa dattijon sifili biyu kawai yake so. Tadeu ya ce ya san irinsu, mutanen da za a kai wa kyauta su mayar saboda ba a naɗe ta a takarda mai kyau ba. Cikin minti ashirin ta sa facin ya riƙa cika gurbi uku bayan ɗigo, ta aika, ta koma kan gwaje-gwajen ɗalibai da ke jibge a teburinta.

Wasiƙar Laraba ta fi ta jiya ladabi. Kuroda ya ce yanzu yana ganin 3.200, ya gode da ƙoƙarin, amma abin da ake nema 3,200 ne. Valdirene ta yi dariya har ta cire tabarau. Wato yanzu kuma waƙafi yake so a madadin ɗigo. Farfesa Eunice, da ta leƙo neman wata takarda, ta ce ashe mutanen Japan ma irin rubutunmu suke yi, ita ba ta sani ba, kullum mutum yana cikin koyo. Valdirene ta sauya ɗigon da waƙafi a wurin da ake nuna sakamako, ta aika kafin cin abincin rana.

Tana cikin cin shinkafa da wake Lidiane ta kira. Ta ce an gama fentin ƙaramin ɗakin, an ɗaura wa mama ragar kwanciya kusa da taga inda iskar kogi ke shigowa, ita kuma ƙafafunta sun fara kumbura. Ta tambaya ko an sa hannu. Valdirene ta ce saura kwana biyu, in Allah ya yarda.

Ranar Alhamis ta tsaya coci ta yi sujadar safe kafin ta hau bas. Da ta buɗe kwamfuta ta tarar da layi biyu: ya gode, lambar ta dace, gobe da safe zai haɗa facin da sabon bugu. Ta karanta sau uku. Ta sauka ƙasa ta sayo ƙullin burodin rogo da cuku mai zafi, ta dafa kofi, ta kira duk wanda ke kusa. Ɗalibai huɗu suka shigo, aka tsaya ana ci ana hira. Ta buga wasiƙar a takarda tare da jadawalin gwajin da Kuroda ya liƙa a ƙasa, ta miƙa wa Tadeu domin ya gani da idonsa.

Ya ciro madubin ƙara girma daga aljihun rigarsa, ya bi takardar layi-layi, bakinsa cike. Bai tsaya a kan lambar ba, sai a kan sunan da ke gefenta.

"Comadre, wannan layin ba na aljihu ba ne?"

Ta ce shi ne mana, hankalinta yana kan zuba wa wata ɗaliba kofi.

"To ni dai a zamanina, da nake yi da hannu, ƙwaƙwalwa ko dai ta laluba aljihu ta samu, ko ta rasa. Ban taɓa ganin wadda ta rasa sau uku da ɗan guntu ba. Amma fa ta Japan ce, wataƙila kunya ce ta hana ta ƙarasa na huɗun."

Ɗaliban suka yi dariya. Valdirene ta ajiye butar kofin a hankali, ta karɓi takardar daga hannunsa. Kwana uku tana kallon lambar, ba ta taɓa duba ta mece ce ba. Ƙidaya ce, kuma ƙidaya ba ta da guntu. Dubu uku da ɗari biyu Kuroda yake faɗa mata tun ranar Talata.

Ta zauna ta sauya wa kwamfutarta ƙasa, ta ce mata yanzu a Japan take, ta sake gwajin. Nan take abin ya bayyana. Ma'auni takan yi wa lamba ado irin na ƙasar da take ciki kafin ta nuna ta. Shi kuwa facin Valdirene a bakin ƙofa yake tsayawa ya karɓi lambar bayan an gama yi mata ado, ya share ɗigogi, ya mayar da waƙafi ɗigo domin haka Lua ke so. A nan gida wannan daidai ne. A Sendai kuwa dubu uku da ɗari biyu sai ta koma uku da ɗan guntu, sannan gyare-gyarenta na Talata da Laraba suka sa wa ƙaramar lambar rigar babba har ta ruɗi mai manhajar da kansa. Ta gwada lamba mai miliyoyi, wadda ɗan gwajin Kuroda bai kai ba. Allon ya nuna babu komai.

Ɗaliban suka ga fuskarta, suka ɗauki sauran burodin suka zame. Tadeu ya tura ƙofa, ya jawo kujera kusa da ita. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, babu wasa a muryarsa. Ya ce babbar na'urar a ƙasar nan take, da ɗigonmu da waƙafinmu, lambobin yaran nan bakwai za su fita daidai. Mutumin ya riga ya ce ya karɓa. Tana iya aika gyara a Janairu, ko daga Belém ma, tana zaune a ragarta. Ya ce shi ba ya son ganin yarinyar nan ta shiga ɗakin haihuwa ba uwa a kusa.

Valdirene ta mayar da idonta kan allon. Babu ƙarya a abin da ya faɗa, kuma ta san saboda Lidiane ya faɗa.

Ta ce, "Compadre, gyaran Janairu sai bugun baɗi. Shekara guda wani yaro a Mexico, inda suke rubuta lamba kamar Japan, zai yi yana kwafe lambar ƙarya cikin kundinsa. Kuma dattijon nan sau uku yana yi mini godiya."

"In kuma ba ki gama yau ba fa?"

"Sai in kira ta in gaya mata."

Kafin zuciyarta ta sake shawara ta rubuta wa Kuroda gajeriyar wasiƙa. Ta ce kada ya haɗa facin Laraba, domin lambar ba ta gyaru ba, kama kawai ta yi. Ta bayyana masa inda kuskuren yake da yadda ta karanta waƙafinsa. Ta ce za ta yi ƙoƙarin aiko da gyara na gaskiya kafin ya tashi daga barci, in bai ga komai ba ya rufe ƙofarsa ba tare da ita ba. Ta aika. Ƙarfe goma da kwata na safe.

Gyaran a baki mai sauƙi ne: a shiga ciki a ɗauko lambar tsirararta kafin a yi mata ado. Amma cikin Ma'auni rubutun shekara ashirin ne, hannuwa da yawa sun bi ta kansa, kuma tsoron shigarsa ne ya sa tun farko ta tsaya a bakin ƙofa. Ta buɗe ta fara bi, bayan rabin awa ta ɓace a cikinsa. Tadeu ya tashi ya fita. Da ya dawo yana rungume da wani ƙaton kundi mai baƙin bango, ƙura a samansa. A shekarun baya ya buga rubutun manhajar kaf a takarda ya kai aka ɗinke, domin shi bai yarda da abin da ba zai iya juya shafinsa ba. Gefen kowane shafi cike yake da rubutun fensirinsa.

Ya dire shi a teburin, ya ce, "Ga tsakuwar."

Bugun da ke kundin ya tsufa, amma ƙashin bayan manhajar bai sauya ba. Shi yana bin takarda da madubinsa yana kiran sunaye, ita tana nemo su a allo. Suka gano lambar tana fitowa ta hanya biyu, suka toshe duka biyun kafin ƙarfe ɗaya. Farfesa Eunice, da labari ya kai mata, sai ta aiko musu da abinci daga kantin ƙasa ta kuma hana ɗalibai ƙwanƙwasa ƙofar. Wajen ƙarfe uku ruwan Disamba ya sauko kamar yadda ya saba, har ba sa jin juna sai sun ɗaga murya. A lokacin ne gwajin ya nuna cewa idan ƙwaƙwalwa tana da kai fiye da ɗaya, jimillar tana zuwa da adonta har yanzu. Akwai hanya ta uku.

Awa guda suka yi suna nemanta. Valdirene ta ce wataƙila an ƙara ta ne bayan an buga kundin. Tadeu ya ce a'a, ya tuna ya taɓa yin faɗa da wannan wurin, a shekarar da aka sauya injin sanyaya ɗaki. Ya riƙa juya shafuka yana lasar yatsa, yana gunaguni, har ya tsaya a wani shafi kusa da ƙarshe inda ya ja layi biyu ya rubuta wata kalma a gefe. Valdirene ta leƙa ta karanta kalmar, ta ce ba ta san uban baftismar 'yarta ya san irin wannan zagi ba. Ya ce a lokacin bai fara zuwa coci sosai ba.

Ƙarfe biyar saura ta gama. Ta gwada a matsayin kwamfutar Brazil, ta Japan, ta Mexico, ta Indiya, da wadda ba a gaya mata ƙasarta ba, da ƙananan lambobi da masu miliyoyi. Duka suka ba da amsa ɗaya. Ta cire sifilan Talata da waƙafin Laraba. A bayanin da ta haɗa, kowace lamba ta rubuta ta da kalmomi, harafi-harafi. Ƙarfe biyar da rabi ta aika, ta rufe kwamfuta, suka fita tare a ƙarƙashin laima ɗaya zuwa tashar bas.

Da safiyar Juma'a ta riga kowa zuwa. Ba ta buɗe wasiƙa nan da nan ba. Ta wanke kofuna, ta dafa kofi, ta yi alamar gicciye, sannan ta zauna. Tadeu ya shigo yana yi kamar wata waya yake nema a bayan teburinta.

Wannan karon wasiƙar doguwa ce. Kuroda ya ce ya ji kunya, domin shi ma a facin Laraba siffar lambar ya kalla bai auna ta ba, kuma da ba ta yi magana ba da ya fitar da bugun haka. Ya ce ya jinkirta rufe ƙofa da awa biyu ya bi gyaran layi-layi, ya gwada a kan injuna huɗu, bai sami abin cewa ba. Faci ya shiga. Ya roƙe ta ta isar da gaisuwarsa ga wanda ta ambata mai kundi, ya ce shi kansa ya manta da waccan hanya ta uku.

Tadeu ya sa ta karanta masa wannan layin sau biyu, sannan ya ce ba wani abu ba ne, ya fita yana gyara wuyan riga.

Farfesa Eunice ta sa hannu a tsaye, a kan bayan wani littafi. Sharaɗinta ɗaya, cikin makon farko na Janairu Valdirene ta zaunar da yaran bakwai kowa ya rubuta umarninsa na farko a gabanta. Valdirene ta ce ta yarda. Ta fita baranda inda waya ta fi kamawa, ta kira Belém. Lidiane ta ɗan yi kuka, ta yi dariya, sannan ta shiga lissafa abin da za a taho mata da shi: cuku guda biyu, alewar gwaiba, da tukunyar dutsen nan ta gida, domin wake ba ya daɗi a tukwanen can.

Valdirene ta ce tukunyar ta fi akwatin nauyi, ba ta san yadda za ta hau jirgi da ita ba.

Tadeu, wanda ya fito shan iska a daidai lokacin kamar ba da gangan ba, ya miƙo hannu a ba shi wayar.

"Lidiane, 'yata, kada ki saurare ta. Ki fara jiƙa waken. Ni zan kai ta filin jirgi, tukunyar kuma a cinya za ta riƙe."